Bakwai, Bakwai, Bakwai

Shekarar da hannun Baba ya shanye
na baro Surabaya da takardar digiri a jaka,
na karɓi makullin masassaƙarmu a Jepara:
mutum ashirin da uku, rumfar kwano,
ƙamshin katakon jati har cikin shinkafar rana.

An koya mini cewa abin da ba ka ƙirga ba, ba ka riƙe shi ba.
Sai na kafa allo a bango,
suna a hagu, yawan kujeru a dama.

Makon farko Gunadi ya hau can sama: sha ɗaya.
Can ƙasa, inda alli ya kusa ƙarewa,
Pak Tarmuji: huɗu.
Shi ya fara ɗora wa Gunadi kurfi a hannu
tun yaron bai kai tsayin teburin aiki ba.
Ban san haka ba. Allon ma bai sani ba.

Na tara su, na ce, akwai mai magana?
Murmushi ashirin da uku.
To, Mbak Laras. Madalla, Mbak Laras.
Akwatin shawara da na rataye a bakin ƙofa,
da na buɗe shi bayan kwana goma,
tsaka ce ta fito.

Mako na uku allo ya daidaita:
bakwai, bakwai, bakwai,
daga sama har ƙasa kamar haƙoran mataji.
Na yi murna ta kwana biyu.
Ran na uku na manta wayata, na dawo bayan magariba,
na iske Gunadi shi kaɗai, ko fitila bai kunna ba,
yana ɗaukar kujerun da ya sassaƙa
yana jera su a layin tsohon.
Ya gan ni. Ya sunkuyar da kai
kamar wanda aka kama da kayan wani.

Ran Lahadi na sayi sukari da ganyen shayi,
na cire takalmi a ƙofar Pak Tarmuji.
Ya yi mini zancen ruwan bana,
da tsadar barkono, da kaciyar jikansa.
Sai a kofi na uku ya jawo guntun katako
daga ƙarƙashin kujera, ya shafa shi da babban yatsa.
Ya ce, kowane itace da yadda yake kwanciya.
Ki bi shi, ya ba ki fure.
Ki tare shi gaba da gaba, ya tsage,
kuma ba ya gargaɗi kafin ya tsage.
Bai ambaci allo ba. Ni ma ban ambata ba.

Litinin na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.
Na ba tsohon yara biyar da kusurwa mai haske;
ba ya yi musu bayani, zama yake yana aiki
su kuma suna satar hannunsa da ido.
Ƙarin albashin Gunadi na sa a ambulan,
na miƙa masa bayan tarin katako, ba mai kallo.

Kada a ce komai ya gyaru.
Mai saye daga Rotterdam bai san kunya ba,
kwantena yake so ƙarshen wata.
Har yanzu ina ƙirga, amma a ɗan littafi, cikin aljihun tebur.
Gunadi kuwa, bayan ƙaramar salla,
ya tafi kamfanin injina a Semarang.
Na tambaye shi kafin nan, kana tare da mu?
Ya ce to.
Har yau ina koyon jin irin wannan to ɗin.

Da yamma nakan kai wa Baba labari.
Yakan ɗaga hannunsa mai lafiya, ya tambayi mutum,
bai taɓa tambayar kujera ba.

Allon yana nan. In rana ta karkata
sunayen kan fito dishi-dishi ta ƙarƙashin gugar,
na sama da na ƙasa.